Wace ƙaramar bindiga da wane harsashi zaka ɗauka idan zaka shiga dajin beyar a Amurka

Ranar da na fara ganin sawun beyar da idona a bakin kogin Rasha dake yankin Kenai a jihar Alaska, mun je kamun kifin salmon ne da wani abokin aikina, na ɗora takalmina kusa da sawun a cikin laka sai naga faɗinsa ya ninka na ƙafata, ga ramukan farce guda biyar a gaba kamar an caccaka ƙusa, kuma ruwa bai gama taruwa a ciki ba, ma'ana yanzun nan mai shi ya wuce. Tun daga ranar na daina ɗaukar maganar nan da wasa. To yanzu duk ɗan uwanmu da aiki ko karatu ya kawo shi wannan ɓangaren, Alaska ko Montana ko Wayomin ko Aidaho, in ya fara sha'awar fita daji tambayar da yake fara yi ita ce wace bindiga tafi ƙarfi. Ni kuma amsata ɗaya ce, ka nemi wadda hannunka zai iya juyawa cikin sauri ka samu abin da ka auna, sannan ka zuba mata harsashin da yake huda ƙashi ya wuce ciki. Bari na warware maka dalili.

Kafin komai sai doka, don ita ce zata fara kama ka kafin beyar. Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu ya mallaki bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, misali mai lasisin farauta da bai ƙare ba. Mai girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, shi yana iya saya bisa dokar jiharsa. In kuma ta mota zaka bi Kanada zuwa Alaska to ka manta da saka fistol a but, dokarsu akan ƙananan bindigogi mai tsauri ce sosai. Wuraren shaƙatawa na gwamnatin tarayya irinsu Yellowstone tun 2010 an yarda mutum ya shiga da bindiga in dokar jihar ta bashi dama, amma harbawa a ciki laifi ne, kaga dole kasan inda ka taka.

Sai ka tambayi kanka wace dabba ce ma kake gudu, don ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Alaska kaɗai an ƙiyasta tana da beyar mai ruwan ƙasa wajen 30,000 da baƙar beyar wajen 100,000. Mai ruwan ƙasar nan, wadda suke kira girizli, ita ce matsalar, babban namiji na tsibirin Kodiak yana iya kai kilo 600 har ya wuce, ga gashi mai kauri ga kitse ga tsoka ga ƙashin kafaɗa kamar turmi. Baƙar beyar bata kai haka ba kuma yawanci gudu take in taji motsin mutum. Zakin dutse na jihohin yamma, wanda yake kamar damisa mara zane, fatarsa ba kauri kuma nauyinsa bai wuce na mutum ba. A Texas aladun daji ne suka addabi mutane. Akwai kuma mus, wata dabba mai dogayen ƙafafu da tafi doki tsawo, hukumar kula da namun daji ta Alaska da kanta ta faɗa cewa mutanen da mus ke ji wa rauni duk shekara sun fi na beyar yawa, har cikin garin Anchorage zaka ganta tana cin ganye a ƙofar gidan mutane. Ita maganinta ka bata hanya ka ɓuya bayan bishiya.

Abu na gaba da nake so ya zauna maka a kai shine lokaci. Girizli tana gudun kusan kilomita 55 a awa, wato mita 15 a daƙiƙa ɗaya. In ta fito maka daga cikin duhuwa a tazarar mita 30, daƙiƙa biyu kake dasu, a cikinsu zaka gane me ke faruwa, ka kai hannu, ka zaro, ka saita, ka harba, ga jiki na rawa. Duk wata muhawara da ake akan lamba kaza tafi lamba kaza ka riƙa aunata da daƙiƙa biyun nan.

Kuma kasani duk ƙaramar bindiga mai rauni ce in aka haɗata da doguwa. Harsashin doguwar bindigar farauta .30-06 yana fita da ƙarfin da ya kai jul 4,000 (jul shine ma'aunin ƙarfin bugu), shi kuwa .44 Magnum da ake ta zuzutawa yana tsakanin 1,300 zuwa 1,600 ne. Shi yasa masu aikin daji na gaske suke riƙe doguwa ko bindigar geji 12, wato mai faɗin bututu da ake kira shotgan, mai dunƙulallen harsashi. Amfanin ƙaramar kawai shine tana jikinka lokacin da hannayenka biyu ke riƙe da ƙugiya ko gatari, doguwar kuwa tana can jingine da bishiya.

To mu zo kan lambobin. Kaliba faɗin harsashi ne, wani a inci wani a milimita, kuma sunan baya faɗin gaskiya duka. .44 Magnum ainihin faɗinsa inci 0.429 ne, 10mm kuma inci 0.400, kaga tazarar ba wata mai yawa bace. .357 Magnum da 9mm kusan faɗinsu ɗaya, inda suka rabu shine yawan albarushin dake bayan harsashin da nauyin da yake iya turawa. Nauyin harsashi kuma da giren ake aunashi, giren 15 da ɗan ɗori shine giram ɗaya.

.44 Magnum shine tsohon ma'auni, kamfanonin Smith & Wesson da Remington suka fito dashi a tsakiyar shekarun 1950 bayan wani maharbi Elmer Keith ya daɗe yana matsa musu. Har gobe in ka shiga shagon bindiga a Alaska kace beyar, shi za'a fara miƙo maka. Libarba ce, wato ƙaramar bindiga mai ganga mai juyawa da ake jera harsasai a ciki, mai ɗaukar shida, da harsashi mai giren 300 ko 305 yana ratsa kafaɗar babbar dabba. Matsalarsa shuri, wato bugun da bindiga ke yi wa hannunka in ta tashi. In ta ƙarfe ce mai nauyin kilo ɗaya da ɗan wani abu, mai bututu inci 4, mutum mai horo zai iya da ita. Amma akwai marasa nauyi irin 329PD da bata kai giram 800 ba, tana da daɗin ɗauka amma wallahi harbata azaba ce. Na gwada irinta a filin koyon harbi da manyan harsasai, harbi na uku tsakanin babban yatsana da manuni ya fashe, na huɗu kuma tun kafin na ja kunama naji na runtse ido na dannata ƙasa, da muka je duba takarda a mita 10 biyu ne kawai suka shiga. Mai kula da filin, wani dattijo, ya buɗe bindigar ya nuna min harsashi na shida, dalmar ta zamo ta leƙo daga cikin kwansonta saboda girgizar harbin baya, yace da ta ƙara fitowa kaɗan da ta tokare gangar ta hana ta juyawa gaba ɗaya. Ka tuna da wannan duk sanda wani yace maka libarba bata taɓa maƙalewa.

Sama da .44 akwai .454 Casull da .460 da kuma .500 S&W Magnum wanda ya fito a 2003. Ƙarfi kam ba'a magana, .500 yana kusantar doguwar bindiga. Amma nauyinta ya haura kilo ɗaya da rabi ko da mai gajeren baki ce, ƙararta na iya lalata maka kunne, harsashinta tsada, kuma kafin ka dawo da bakinta kan saiti bayan harbin farko daƙiƙa biyunka sun ƙare. Wanda ya shekara goma yana harbin manyan libarba bismillah. Sabon shiga ban bashi shawara ba ko kaɗan.

Wanda ni na tsaya akai shine 10mm Auto. Ya fito a 1983, ya ɗan yi shiru na wasu shekaru sannan ya dawo da ƙarfi a hannun masu shiga daji. Glock 20, fistol mai cin 10mm, tana ɗaukar 15 a magazin, wato gidan harsashin da ake cusawa a mariƙinta, cike da harsashi nauyinta kilo ɗaya da kaɗan ne, da harsashi mai giren 200 ko 220 tana bada ƙarfi wajen jul 900. Bai kai .44 ba, kar wani ya ruɗe ka yace ɗaya suke. Amma shurinsa mai sauƙi ne, ina iya saka uku a faranti a lokacin da .44 zata bani ɗaya ko biyu. Kuma ba 'yan gari kaɗai suka yarda dashi ba, rundunar Sirius ta sojojin Denmak masu sintiri da keken karnuka a ƙanƙarar Girinlan Glock 20 suke ratayawa saboda farar beyar, bayan doguwar bindigar da suke ɗauka. Inda fistol ke da rauni shine idan dabba ta riga ta danne ka, in ka tokara bakin bindigar a jikinta saman yana iya ja baya kaɗan taƙi tashi, haka in riƙon hannunka ya yi sanyi tana iya maƙale kwanso. A nan libarba tafi, ita ja kawai kake.

.357 Magnum tun 1935 yake, da harsashi mai giren 180 ya isa baƙar beyar da zakin dutse da aladen daji, kuma ga mai ƙaramin hannu ko macen da .44 ta yi wa yawa zaɓi ne mai kyau. A ƙasar girizli shine mafi ƙanƙantar da za'a riƙe a ganina.

9mm fa? Nasan za'a kawo labarin Phil Shoemaker, gogaggen jagoran farauta na Alaska wanda a 2016 ya kashe beyar mai ruwan ƙasa da ta taso wa masu kamun kifin da yake rakiya, da ƙaramar Smith & Wesson 9mm. Labarin gaskiya ne. Amma duba me ya zuba a ciki, harsashin kamfanin Buffalo Bore ne mai giren 147 na taurarriyar dalma, kuma mutumin ya haura shekara 30 yana hulɗa da beyar, yasan inda zai saka kowane harbi, kuma sai da ya harba da yawa. Abin da ni na ɗauka a labarin shine irin harsashin da hannun maharbin su suka yi aikin. In 9mm kaɗai gareka kuma ka iya ta sosai, ka canza mata harsashi ka tafi da ita, tafi babbar da zaka bari a mota don nauyi.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin kuskure, kuma nan nake so ka nutsu. Harsashin da aka fi sayarwa don tsaron gida shine mai rami a baki, wanda in ya shiga jiki yake buɗewa kamar fure ya tsaya da wuri, an yi shi haka ne da gangan don kar ya ratsa ya samu wani a baya. A jikin girizli wannan siffar ita ce aibinsa, zai buɗe tun a gashi da kitse, ya haɗu da ƙashin kafaɗa ya tsaya ko ya tarwatse bai kai inda ake so ba. Beyar da ta taso bata tsayawa don zafi, ko ka huda huhunta tana da sauran daƙiƙun da zata ƙaraso ta yi ɓarna. Abin da ke tsayar da ita nan take shine a samu ƙwaƙwalwa ko lakar baya, ko a karya babban ƙashin da take takawa dashi. Duk waɗannan suna can ciki bayan abubuwa masu tauri.

Don haka abu uku zaka duba a jikin kwali. Na farko tauri, zaka ga an rubuta hard cast, wato dalma ce da aka gauraya da wasu ƙarafa irinsu kuza ta yi tauri yadda bata lanƙwashewa in ta daki ƙashi. Na biyu baki mai faɗi, a shafe kamar an yanke shi da wuƙa, don mai zagayayyen baki yana iya zamewa a jikin ƙoƙon kai ko ya karkace hanya, shi kuwa mai faɗin baki yana cizon ƙashi ya tafi a miƙe yana buɗe hanya mai faɗi. Na uku nauyi, ka ɗauki mai nauyi a ajin bindigarka, 147 a 9mm, 180 a .357, 200 zuwa 220 a 10mm, 300 zuwa sama kaɗan a .44. Akwai kuma na jan ƙarfe zalla waɗanda basu da dalma, basu kai wancan nauyi ba amma sunfi gudu kuma suma basa buɗewa. Buffalo Bore da Underwood da HSM duk suna yin irin waɗannan. Zagayayyen harsashin atisaye mai rigar jan ƙarfe yafi mai rami shiga ciki, amma ba'a cika masa albarushi sosai, kar ka dogara dashi in kana da zaɓi.

In zakin dutse ne kawai ko kyarkeci ko karnukan daji a yankinku, to mai ramin ma ya wadatar tunda jikinsu ba kauri. Maciji kuma akwai harsashi mai ƙananan ƙwayoyi da CCI ke yi, amma gaskiya ja da baya taku uku yafi shi sauri.

Kar ka sayi kwali ka zuba ka tafi daji baka gwada ba, don Allah. Kowace bindiga da abin da take so. Kamfanin Glock yana gargaɗi akan dalma mara riga a bututunsa saboda yanayin zanen cikinsa, shi yasa wasu suke canza bututu, wasu su koma na jan ƙarfe ko mai rufi. Wasu bututun kuma basa iya juya mai giren 220 yadda ya kamata, in ka duba takarda kaga ramin ya yi tsawo kamar ramin makulli maimakon zagaye, harsashin yana tafiya a karkace ne, ka sauko zuwa 200. Mai faɗin baki kuma wani lokacin yana tokarewa wajen hawa daga magazin. Nasan suna da tsada, amma ka ƙona aƙalla magazin biyu ko uku na ainihin wanda zaka riƙe. Mai libarba kuma ya yi gwajin da dattijon nan ya nuna min, ka cika shida, ka harba biyar, ka ciro na shidan ka jera shi da sabo kaga ko ya ƙara tsawo.

Ga yadda zaka yanke hukunci tsakanin bindiga biyu, kuma filayen harbi da yawa suna bada haya don haka ba sai ka saya ba. Ka liƙa farantin takarda irin na cin abinci a mita 10. Wani ya riƙe maka agogo. Daga inda bindigar take a ajiye ka ɗauka ka harba uku cikin daƙiƙa uku, ka maimaita sau biyar. Wadda ta baka mafi yawa a cikin farantin ita ce taka, ko da lambarta ƙarama ce. In kana zargin kana runtse ido, abokinka ya cusa harsashin roba na gwaji guda ɗaya a tsakiya ba tare da kasan inda yake ba, in ka zo kansa kaga bakin bindigar ya nutse ƙasa to ta fi ƙarfinka tukunna. Don sauƙin aljihu da hannu, .44 Magnum tana cin .44 Special, .357 tana cin .38 Special, .454 tana cin .45 Colt, ka yi yawancin atisaye dasu sannan ka rufe da manyan. Toshe kunne da tabarau dole ne.

Wurin ratayawa ma magana ce. Bindigar dake cikin jakar baya sunanta babu. A ƙugu kuma bel ɗin jakar yana danneta, in kana cikin ruwa da dogon wandon roba ma ta nutse. Shi yasa mutanen Alaska suke amfani da kube na ƙirji, tana zaune a tsakiyar ƙirjinka saman riga, kowane hannu yana kaiwa. Ka tabbata kuben ya rufe kunama ruf, kuma ka koyi zarowa da bindiga wadda ka tabbatar babu komai a cikinta, sanye da rigar sanyi da safar hannun da zaka saka a dajin, kar bakin ya bi ta kan ɗayan hannunka.

Sai maganar da wasu masu son bindiga basa son ji, feshin barkono. Wata gwangwani ce mai kama da barkonon tsohuwa da aka yi musamman don beyar, tana fesa hazo zuwa mita 8 ko 9 na 'yan daƙiƙu. Masana biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, sun bi bayanan abubuwan da suka faru a Alaska, a bincikensu na 2008 sun samu cewa feshin ya kori beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka yi amfani dashi, kuma kashi 98 na mutanen sun tsira ba rauni. A na 2012 da suka duba bindiga, masu ƙarama sun yi nasara a 31 cikin 37, kashi 84 kenan, masu doguwa kashi 76. Ana ta jayayya akan ko za'a iya haɗa alƙaluman biyu tunda yanayin ba ɗaya bane, kuma jayayyar tana da tushe. Amma hazo baya buƙatar saiti irin na harsashi, kuma in ka kuskure ka fesa wa abokin tafiyarka zai yi kuka ne ya warke. Rauninsa iska mai ƙarfi da tsananin sanyi da cikin tanti, kuma yana da ranar lalacewa a jiki, sannan ba'a hawa jirgin sama dashi ko a cikin kaya, sai ka sauka ka saya. Ni duka biyun nake ɗauka, feshi a hagu bindiga a ƙirji, kuma feshin nake fara kaiwa hannu. Sau da yawa ma beyar barazana take, ta taso ta ja birki ta juya, in ka yi gaggawar harbi ka raunata ta ka mayar da barazana faɗan gaske.

In kuma ƙaddara ta sa ka harbe ta, aiki bai ƙare ba. A Alaska doka ta yarda da kisa don kare rai ko dukiya in ba kai ka jawo ta da sakacin abinci ko shara ba, amma dole ka sanar da hukuma nan take, ka feɗe fatar da faratanta a jiki, ka cire ƙoƙon kan, ka miƙa su ga gwamnatin jiha, sannan ka cike takardar rahoto cikin kwana 15, ba abin da zaka riƙe. A Montana da Wayomin da Aidaho kuwa girizli tana cikin dabbobin da dokar tarayya ta ba kariya tun 1975, jami'ai zasu zo wurin su auna tazara su duba ta inda harsashi ya shiga, don haka kar ka taɓa komai, ka ɗauki hoto, ka fita inda akwai sabis ka kira su.